Idon da ke bisa ƙofa, mabuɗinsa yana hannun wa?

Ba da daɗewa ba, tsaron gida a Maraɗi ko Damagaram bai wuce doguwar katanga da aka jera wa fasassun kwalabe ba, da ƙofar ƙarfe mai kwaɗo biyu, da mai gadi wanda yake kwana a zaure da tocilarsa da butar shayinsa. Yau wanda ya bi ta unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, ko Kwara Kano a Yamai, ko ya ratsa layin masu mangaza a Tawa, in ya ɗaga kai zai ga wani ɗan farin abu kamar ƙoƙo maƙale bisa ƙofa, yana kallon hanya dare da rana. Kamarar tsaro ta shigo gari, ta kuma yi araha, har ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata yakan matse aljihu ya sayi guda biyu, domin motarsa da take kwana a waje.

Abin mamaki shi ne yadda cinikin yake gudana. Mai saye yakan ɓata rabin yini yana taya kamara: tana gani da dare, tana jure ruwan sama, a rage jika biyu. Ba safai ake jin wanda ya tambayi manhajar da za ta tafiyar da ita ba, wato abin da ma'aikatan biro suke kira lojisiyel. Alhali kuwa kamara ido ce kawai. Manhaja ce take yanke abin da za a naɗa da abin da za a bari ya wuce, da inda hoton zai kwana, da kwana nawa zai yi kafin a shafe shi, da kuma wanda yake da izinin buɗewa ya kalla. Wannan na ƙarshe ya fi dukansu nauyi, shi ne kuma aka fi mantawa da shi.

A ɗauki misalin wani Alhaji mai sayar da shadda, irin wanda ba a rasa a kowace kasuwa. Ya sa an ɗaura masa kamara huɗu a gida, ya biya lakadan, ya ga hoton ƙofarsa cikin salularsa, ya yi murna. Bayan wata shida ya tafi Kano sarin kaya, aka shiga zaure da dare aka fitar da babur ɗin ɗansa. Da ya dawo ya aika a kira masa wanda ya yi aikin, sai yaron shagon ya zo.

"Kai yaro, buɗe mini daren Talata."

"Ranka ya daɗe, an ɗauke kuran tun ƙarfe ɗaya, akwatin ya mutu, bai naɗi komai ba sai da asuba."

"To buɗe mini kafin ƙarfe ɗayan, ai sun yi ta zagaya ƙofar kafin su shiga."

Aka buɗe. Ga duhun dare a allo, amma agogon da ke kusurwar hoton yana nuna ƙarfe bakwai da rabi na safe, domin tun ranar da aka haɗa akwatin yana bin lokacin ƙasar Sin, wanda ya riga na Nijar da awa 7. Aka ga wasu mutum biyu sun wuce sau uku. Alhaji ya ce a fitar masa da wannan wurin a kai kwamisariya. Yaro ya sunkuyar da kai ya ce fitarwa sai da kalmar sirri ta babban mai izini, ita kuwa tana wurin maigidansa, wanda ya tafi haƙar zinari arewa, lambarsa ba ta shiga. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da yake laifin kamara.

Hanyoyin da ke gaban mai gida uku ne, ko da yake mai shago ɗaya yake nuna masa, wadda yake da kayanta a kanta. Ta farko ita ce akwatin naɗi mai manhajarsa a cikinsa, wanda ake kira DVR idan kamarorin na tsohuwar igiya ne, ko NVR idan na rezo ne. Kamfanoni biyu suka cika kasuwar duniya da shi, Hikvision da Dahua, dukansu daga birnin Hangzhou na ƙasar Sin, an kuma kafa su a 2001. Kowanne yana da manhajar salula ta kyauta, Hik-Connect ta Hikvision, DMSS ta Dahua, da kuma ta kwamfuta, iVMS-4200 da SmartPSS, ana kuma iya juya su zuwa Faransanci. Ƙarƙashinsu akwai tarin akwatuna marasa suna, ko masu sunan da aka liƙa musu jiya, waɗanda da yawansu suke aiki da wata manhaja mai suna XMEye. Kyawun akwati shi ne yana naɗa hoto cikin diskin da ke cikinsa, ko akwai intanet ko babu, ba ya cin wuta da yawa, in kuma kuran ya dawo yakan tashi da kansa ya ci gaba da aiki ba tare da an taɓa shi ba. Ga mafi yawan gidaje da mangazun ƙasar nan, wannan ce hanyar da ta dace, muddin an kiyaye abin da za a faɗa nan gaba game da mabuɗi.

Ta biyu ita ce ƙananan kamarorin wifi, irin su Ezviz da Imou da Tapo da waɗanda suke aiki da V380, da ake kafawa cikin minti goma ba tare da jan igiya ba. Sauƙinsu ne yake sayar da su. Amma manhajarsu tana tura mai ita, a hankali a hankali, zuwa ga ajiye hoto a ma'ajiyar kamfani a ƙasar waje, abin da suke kira gajimare, da kuɗin abonma wata-wata wanda ake biya da katin banki cikin dalar Amurka ko yuro. Ɗan kasuwar da yake lissafi da jika zai gane da kansa abin da hakan yake tarawa cikin shekara biyar. Ko a bar zancen kuɗi, akwai na rezo. Kamarar da take aika megabit 1 a kowane sakan ba tsayawa tana cin kusan jiga 11 a yini, fiye da jiga 300 a wata, abin da forfen salula ba zai ɗauka ba. Shi ya sa yawancinsu guntaye kawai suke aikawa idan sun ga motsi. Ranar da rezo ya tafi kuwa, gajimaren ya tafi da shi. A ƙarshen watan Fabrairu na 2021, bayan sanar da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, an rufe intanet ɗin salula a Nijar har wajen kwana 10, a daidai kwanakin da masu shaguna a Yamai suka fi bukatar sanin abin da ke faruwa a ƙofarsu. Bugu da ƙari, kamfani yana iya wayar gari ya ce ya gaji. Amazon ta kashe hidimar kamararta Cloud Cam a watan Disamba na 2022, Google ta bi da Dropcam a watan Afrilu na 2024, kamarori masu lafiya suka zama kayan ado a jikin bango. Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya riga ya sayi irin wannan kamara, mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya sa mata katin memwar mai kyau, ya kuma tabbatar tana naɗa a kansa ko an cire wifi.

Ta uku ita ce a ɗauki kwamfuta, ordinatar kamar yadda ake ce mata a biro, a zuba mata manhajar naɗi ta musamman. A nan ne zaɓi yake da faɗi. Akwai Blue Iris, wadda ake saye, tana aiki bisa Windows kaɗai, masu ita kuma suna yaba yawan abin da take iya yi. Akwai Agent DVR, wadda ake iya amfani da ita kyauta cikin gida. Akwai ZoneMinder, tsohuwar hannu da ta haura shekara 20 tana aiki bisa Linux, kyauta, kowa kuma yana iya duba yadda aka rubuta ta. Akwai Frigate, ƙanwarsu, wadda take gane mutum daga mota daga kare a cikin gidan, ba sai ta aika hoto waje ba. Duk waɗannan sun fi akwati basira, suna kuma karɓar kamarorin kamfanoni daban-daban a tukunya ɗaya. Sai dai kowacce tana neman mai kula. Kwamfuta ba ta tashi da kanta bayan ɗauke wuta sai an saita ta haka tun daga tushe, Windows takan tsaya sabunta kanta da tsakar dare, ga kuma ɗabi'ar ɗora manhajar sata bisa tsohuwar kwamfutar da aka yi ritaya da ita daga ofis, wadda sau da yawa Windows 10 ce a kanta, alhali Microsoft ta daina kula da ita ga jama'a tun 14 ga Oktoba na 2025. Ma'aikacin da ya san kan kwamfuta, ko yake da ɗa a jami'a mai sha'awar abin, zai ji daɗin wannan hanya. Wanda zai dogara da wani daga waje ya zo duk sati ya tayar masa da ita, ya sayo wa kansa aiki ne.

Hukunci tsakanin akwati da kwamfuta, a ƙasar nan, kuran ne yake yanke shi. Wutar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana zuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa, ta Yamai kuwa ta layin Birnin Kebbi. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wannan wuta, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC take rabawa, ba a kuma maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Ko ba rikici, kowa ya san halin watan Afrilu da Mayu. Ɓarawo kuwa ya fi kowa sanin lokacin da unguwa take duhu. Lissafin ba shi da wuya. Akwati da kamara huɗu suna cin wajen wat 40. Batir mai bolt 12 da amfa 100 yana riƙe da wat-awa 1200, wanda ba a so a sha fiye da rabinsa idan ana son ya yi ƙarko. Wato 600, a raba da 40, ya ba da awa 15. A ɗora kwamfutar tebur mai cin wat 100 bisa wannan batir, a haɗa da kamarorin da abin da ondular take ɓatarwa, da ƙyar zai wuce awa 4. Akwatunan DVR da yawa ma bolt 12 suke sha, don haka ana iya ciyar da su daga batirin da farantin hasken rana yake cikawa ba tare da doguwar hanya ba. Wanda ya sayi kamara takwas bai sayi batir ba, da ya sayi huɗu da batir da ya fi.

Diski ma lissafi ne. Kamara mai hoto mai kyau da take zuba megabit 2 a sakan tana cika kusan jiga 22 a yini. Guda huɗu sun kai jiga 86. Diski mai tera 1 zai cika cikin kwana 11 ko 12, daga nan manhaja ta shiga shafe tsoho tana rubuta sabo. Ɗan kasuwar da yake tafiyar sati uku ya dawo ya tarar an yi masa ɓarna a satin farko, zai sami hoton ya riga ya tafi. Manhajar da ta iya matse hoto da tsarin H.265 tana rage wannan nauyi kusan rabi idan an gwada da tsohon H.264, don haka tambayar tana da amfani a shago. A kuma nemi diskin da aka yi domin aikin dare da rana, irin WD Purple ko Seagate SkyHawk, a ajiye akwatin inda iska take ratsawa. Akwatin da aka kulle cikin kabad ƙarƙashin rufin kwano, a watan da inuwa ma take kai digiri 45, ana dafa shi ne.

Mai shago zai ce a bar akwati ya naɗa lokacin da ya ga motsi kawai, diski zai daɗe. Gaskiya ne, a ƙasar da ba ta da hazo. Tsohuwar dabarar gane motsi ba ta san komai ba illa hoto ya canja: ƙurar hunturu motsi ce, baƙar leda da iska ta kwaso motsi ce, tsaka da ta bi bango motsi ce. Da dare kuma ƴar fitilar da kamara take gani da ita tana jawo ƙwari, ƙwari su jawo gizo-gizo, ya saƙa yanarsa daidai bakin gilashi, salular maigida ta kwana tana ƙara. Bayan sati ɗaya kowa yakan kashe ƙararrawar, daga nan amfaninta ya ƙare. Sababbin manhajoji suna rarrabe mutum da mota daga sauran motsi. Hikvision tana kiran nata AcuSense, Dahua tana kiran nata WizSense, ƙarin kuɗin da ke kansu kuma ya cancanta. Amma kada a ɗauka sun san gari. Jerin abubuwa 80 da aka koya wa yawancin waɗannan manhajoji na kyauta, wanda Frigate ma take farawa da shi, ya san doki da tunkiya da saniya, ya san giwa, har raƙumin dawa irin na Kure ya sani, amma babu akuya a cikinsa, babu jaki, babu raƙumi. Jar akuyar Maraɗi in ta tsaya bakin ƙofa, sai dai a rubuta ta kare ko tunkiya. Shawarar da ta fi kwanciyar hankali ita ce kamarar ƙofa ta riƙa naɗa ba tsayawa, gane mutum kuwa a bar shi domin sauƙin nema da faɗakarwa.

Sai batun mabuɗi. A gidan Bahaushe baƙo iyakarsa zaure. Ko aminin maigida ba ya ƙetare shigifa sai da sallama da izini, wasu ƙofofin ma an rubuta musu "ba shiga" da manyan baƙaƙe. To amma ga abin da yake faruwa ranar haɗa kamara. Alhaji yana sauri, ya ce wa mai haɗawa, "Kai dai gama ka ba ni." Mai haɗawa ya buɗe rajista da lambar salularsa, ya ɗaure akwatin a kanta, ya zaɓi kalmar sirrin da yake sa wa duk gidan da ya yi wa aiki domin kada ya manta, sannan ya raba wa maigida kallo. A tsarin Hik-Connect da makamantanta, akwati rajista ɗaya yake ɗauruwa a kai. Mai wannan rajista shi ne mai akwatin a idon kamfani, sauran duk baƙi ne da aka ba aron kallo, ba kuma za a iya mayar da shi ga wani ba sai an kwance shi daga na farko. Wato saurayin da ba a yarda ya wuce zaure ba ya tafi da tsakar gida cikin aljihunsa, da matan gida suna daka, da ƴaƴa mata suna wanki, a kowace sa'ar da ya ga dama. Yawancin masu wannan sana'a ba da mugun nufi suke yin haka ba, sauƙi suke nema, maigida ma shi ya ƙi zama. Amma salula tana ɓata, ana sayar da ita, yaran shago suna ɗaukarta, kalmar sirri guda kuma tana buɗe gida ashirin.

Ba ma sai na kusa ba. A 2014 aka gano wani shafin intanet da yake nuna hoton kamarori wajen 73,000 na ƙasashe daban-daban kai tsaye, ɗakunan kwana da shaguna da makarantu, ba don an fasa komai ba, sai don masu su sun bar kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta, irin su "admin" da "12345". A watan Oktoba na 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi duniya tana gwada irin waɗannan kalmomi wajen 60 a kan kamarori da akwatunan naɗi, ta tara dubbansu ta mayar da su runduna, aka kai hari da su har manyan shafuna irin su Twitter da Netflix suka tsaya a Amurka. Da yawan na'urorin da aka kama kayan cikinsu na kamfanin Xiongmai ne, mai manhajar XMEye. A 2021 aka gano wata kafa a kamarorin Hikvision da dama wadda take ba na nesa ikon karɓe su gaba ɗaya. Kamfanin ya fitar da gyara, amma gyara sai wanda ya ɗora shi yake amfana. Kada kuma a ce matsalar kayan Sin ce kaɗai, ko da yake Amurka ta hana hukumominta sayen kayan Hikvision da Dahua da dokar da aka sa wa hannu a 2018. A 2023 kamfanin Ring, mallakar Amazon, ya yarda ya biya dalar Amurka miliyan 5.8 bayan hukumar kare masu saye ta Amurka ta zarge shi da barin ma'aikatansa suna kallon hotunan abokan ciniki, har da wani da ya shafe watanni yana leƙen mata a ɗakunan kwanansu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Maganin ba ya cin ko dala. Maigida ya zauna ranar haɗawa, ya buɗe rajistar da lambarsa, ya rubuta kalmar sirri da yatsansa, doguwa, wadda ba shekarar haihuwa ba ce ba kuma lambar mota ba. Idan mai haɗawa yana bukatar shiga domin gyara, a buɗe masa ƙaramin izini, a rufe in ya gama. Manhaja ta ƙwarai tana ba da damar rarraba izini hawa-hawa: uwargida ta ga ƙofa domin ta san mai sallama, mai gadi ya ga hanya kawai ba tare da ikon shafe komai ba, babban ɗa ya iya duba na jiya. Tana kuma riƙe da rajistar wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. Manhajar da ba ta da waɗannan, wadda kalma ɗaya ce take buɗe komai ga kowa, ba ta dace da gidan da yake da iyali ba, komai arahar ta. Tsakar gida kuwa, mafi alheri kada a sa mata kamara sam. Ɓarawo ta ƙofa yake shiga ko ta katanga, nan ya kamata ido ya tsaya. A kashe naɗin murya ma, domin zaure wurin shawara ne, ba kowane baƙo zai so a ajiye maganarsa ba.

Akwai wata kalma da ya kamata mai saye ya nema a jikin kwali: ONVIF. Yarjejeniya ce da kamfanonin Axis da Bosch da Sony suka kafa a 2008 domin kamarar wannan kamfani ta iya magana da akwatin wancan. Kamarar da take da ita, tare da hanyar fitar da hoto da ake kira RTSP, tana bin mai ita duk inda ya koma, daga akwatin Dahua zuwa na Hikvision, ko zuwa Frigate ranar da ɗansa ya gama karatu. Wadda ba ta da ita, manhajar kamfaninta kaɗai take ji, in suka rabu ta zama kurma.

Haƙƙin maƙwabci ma yana ciki. Kamarar da aka ɗora bisa bene tana kallon ƙasa, sau da yawa rabin hotonta tsakar gidan wani ne. Akwatunan kirki suna da wurin shafa baƙin tabo a kan ɓangaren da ba a so a gani, ya zama ba a kallo ba a kuma naɗawa. Aikin minti biyu ne, ya fi zaman sulhu gaban mai unguwa. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane tun 2017, wadda ta kafa hukumar HAPDP, aka sabunta ta a 2022, fuskar mutum a hoto kuwa tana cikin bayanansa. Dokar laifuffukan intanet ta 2019 kuma ta tanadi hukunci kan ɓata suna ta hanyoyin sadarwar zamani. Wanda aka yi wa sata, zuciya takan ɗebe shi ya watsa hoton a WhatsApp kafin gari ya waye. Hoton dare dishi-dishi ne, mutum yana kama da mutum, wanda aka nuna da yatsa a unguwa bisa kuskure kuwa ba a iya wanke shi. Wurin hoton kwamisariya ne ko jandarmari.

A can ma sai an iya buɗe shi. Wasu akwatuna suna fitar da hoto cikin tsarin kansu, kamar na Dahua mai ƙarewa da .dav, wanda kwamfutar ofis ba ta karantawa sai da manhajar kamfanin. A zaɓi wadda take fitarwa a MP4 bisa kile USB, a ajiye na asali ma a gefe. Agogo kuma shi ne rabin shaida: a sa shi a lokacin Nijar, awa 1 gaba da GMT, a bar shi yana daidaita kansa idan akwai intanet, a kuma san cewa cikin akwatin akwai ɗan batir kamar kwabo wanda in ya mutu kwanan wata yakan koma baya shekaru duk lokacin da wuta ta ɗauke. Shi kansa akwatin kada a ajiye shi ƙarƙashin telebijin a falo, inda mai ɗaukar telebijin zai haɗa da shi. Masu mangaza da suka ji labarin gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982 da ta 2009 sun san ba ɓarawo kaɗai yake cin akwati ba. Katin memwar a cikin kamarar ƙofa, ko hoto guda da manhaja take aika wa salula duk lokacin da ta ga mutum, shi ne kwafi na biyu.

Kafin a biya cikon kuɗin aiki, a yi gwaji mai haɗawa yana tsaye. A kashe kantar gida gaba ɗaya, a ga ko naɗi ya ci gaba bisa batir. A cire wayar intanet, a fita a zagaya ƙofa, a dawo a nemo wannan zagayen a allo. A kashe akwatin a kunna, a duba agogonsa. Maigida da kansa ya fitar da minti biyar bisa kile, ya kai wata kwamfuta daban ya buɗe. A ƙarshe a duba cikin manhajar sunayen duk masu izini, a shafe wanda ba a sani ba, a rubuta kalmar sirri a takarda a haɗa ta da takardun gida. Daga nan sai duban mako-mako, misali kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a buɗe hoton daren jiya a kalli minti ɗaya, domin diski yakan mutu shiru, allo yana ci gaba da nuna ƙofa kamar lafiya lau alhali an yi wata biyu ba a naɗi komai ba.